Lado Soja da Shanun Baffa

Waɗanda suka san Dutse kafin ta zama babban birnin jiha za su tuna lokacin da mutum kan tsaya a Garu ya hangi dabino har iyakar ganinsa, babu rufin kwano da zai ƙyalle masa ido. Motar haya takan shigo ran kasuwa, ta ɗauki nata ta fita, gari ya koma shiru. A wancan zamani aka haifi Lado, a wata ruga ta wajen ƙasar Buji. Mahaifinsa Malam Mika'ilu, wanda 'ya'yansa ke kira Baffa, Bafillace ne da ya daɗe da barin yawo. Yana noman gero da dawa kamar kowa, amma hankalinsa yana wurin garke. Lado ne babban ɗansa namiji, sai mata biyu, sai autansu Tasi'u.

Lado ya yi aji huɗu a makarantar firamare, ya koma kiwo. Da bushiya ba ta zo ba a 1983, da a bayan shanu zai tsufa bai taɓa ganin teku ba. Cutar ta cinye fiye da rabin garken Baffa, fari kuma ya biyo bayanta. A lokacin Lado ya yi aure, matarsa Bilki ta haifi ɗa namiji, aka mayar wa yaron da sunan kakansa. Gida ya yi baki da yawa, nono ya yi kaɗan. Da aka zo ɗaukar soja a Kano, Lado ya je ya shiga layi, aka auna ƙirjinsa, aka ɗauke shi.

Da sunan Lado Dutse ya shiga, gama soja yakan faɗi sunansa da ƙarfi a fareti, shi kuwa ba zai iya ɗaga murya da sunan mahaifinsa ba. Ranar da akawun bariki ya nemi sunan mata da ɗa don a rubuta a fayil, sai ya je ya kamo hannun wani mutumin Ringim da suke ɗaki ɗaya, Idirisu, ya tsayar da shi gaban teburi ya ce wannan ya san mutanen gidansu. Shi kuwa Lado ya fita waje har aka gama. A rugarsu mutum ba ya faɗin sunan matarsa ta fari, ba ya faɗin sunan ɗan fari, balle ɗan da ke ɗauke da sunan uba. Ɗan fari na kakanni ne. Uban da aka tambaya game da shi yakan kau da kai ya ce yaron na tsoho ne, kowa kuma ya gane.

Soja ta sauya Lado a abubuwa da yawa. Ya koyi cin abinci a gaban mutane, abin da a da ba zai yi ba ko yunwa za ta kashe shi. Ya koyi wanka a layi, da Turancin bariki, da tsayuwa cikin rana ba motsi. Ya kai las kofur. Wannan kunyar ɗaya ce soja ba ta taɓa ba, saboda cikin shekara tara babu wanda ya sake tambayarsa.

A 1990 aka tura bataliyarsu Laberiya. Abin da ya gani a can bai faɗa wa kowa da yawa ba. Abin da aka sani shi ne, harsashin igwa ya faɗi a bakin raminsu, biyu daga cikin waɗanda suke tare suka mutu, shi kuma kunnensa na hagu ya daina ji. Da aka dawo da su wani bariki a kudu, barci ya ƙi shi. Wata rana wani kofur ya ja ƙafarsa don ya tashe shi gadi, Lado ya kai masa naushi kafin ya buɗe ido, ya fasa masa leɓe. Bayan wannan da kaɗan, motar shanu ta shigo bariki daga arewa da na yanka. Wata saniya ta faɗi a cikin motar, sauran suna taka ta. Lado ya hau ya tashe ta, sa'an nan ya tsaya yana shafa mata wuya yana yi mata magana da Fillanci, har lokacin fareti ya wuce bai sani ba. Samanja ya haɗa naushin da hirar saniyar ya kai rahoto, aka tura shi asibiti.

Likitan da ya gan shi manjo ne, ba mugun mutum ba, sai dai a gajiye yake, layi ya kai bakin ƙofa, kuma ba ya jin Hausa ko kalma guda. Ya tambaye shi wace rana ce yau, Lado ya faɗa. Ya tambaye shi wa ke mulkin ƙasa, wanda a ƙarshen 1993 ko mai cikakken hankali sai ya yi tunani kafin ya amsa, Lado ya faɗa daidai. Sai likita ya buɗe fayil ya tambayi sunan matarsa. Lado ya dubi takalminsa. Likita ya ɗauka kunnen ne, ya zagayo ta dama ya sake tambaya. Shiru. Ya tambayi sunan ɗansa, Lado ya sa hannu ya rufe baki. Ya ce to, yana da ɗa ko ba shi da shi? Lado ya ba da amsar da kowane mutumin rugarsu zai bayar, ya ce yaron na babansa ne. Likita ya dubi fayil, ya dube shi, ya tambayi sunan baban. Nan ma shiru.

Lado ya ga alƙalami yana gudu a kan takarda, ya kuma san ba alheri ake rubutawa ba. Amma las kofur ba ya yi wa manjo bayani sai an tambaye shi dalili, ba a kuwa tambaye shi ba. Ko da an tambaya, Turancinsa na harbi ne da fareti da sayen taba, babu kalmar kunya a ciki. Aka kwantar da shi a ɗakin masu taɓin hankali, aka yi ta ba shi ƙwayoyin da suka sa harshensa ya yi nauyi. A farkon 1994 hukumar likitoci ta zauna, aka sallame shi.

Ya dawo ya tarar da Dutse ta zama wata abu dabam. Ana ta fasa dutse ana gina ofisoshi, ma'aikata suna zuwa daga Kano ran Litinin su gudu ran Juma'a. Aka ce masa ana neman tsofaffin sojoji aikin gadi. Ya goge takalmi ya je, ya miƙa takardar sallamarsa. Akawun ya karanta, ya kai wata doguwar kalma, ya ɗaga ido ya dube shi, sa'an nan ya ja kujerarsa baya kaɗan. Ya ce ya tafi, za a neme shi. Kafin kasuwar Shuwarin ta sake ci, labari ya riga Lado isa ruga. Shi kansa sai daga baya ya kai wa hedimastan firamare takardar, hedimasta ya yi ta gyaran murya, ya ce abin da kalmar ke nufi, mutumin da hankalinsa ya rabu da gaskiya, har ba ya gane iyalinsa.

Baffa ya ji labarin takardar. Ya shiga ɗaki ya ɗauko sanda ya miƙa masa, ya ce ƙafafunsa sun gaji, Tasi'u kuma ya buɗe shagon kayan masarufi a Dutse, ba ya bambance karsana da bijimi sai ya sunkuya. Daga ranar Lado ya koma bayan shanu.

Shekara bakwai ya yi haka. Ba wanda ya jefe shi, ba wanda ya zage shi a fuska. Abin ya fi haka laushi. In ya shigo majalisa sai a rage murya. In an yi gardamar iyakar gona ya ce ga inda take, sai a ce haka ne Soja, a juya a tambayi wani. In liman ba ya nan, akan tsallake shi a tura yaron da Lado ya girme shi da shekara goma. Mata sukan janye 'ya'yansu daga hanya in ya taho, a hankali, don kada ya lura, yana kuwa lura. Shi ma akwai abin da ya sani game da kansa wanda ba ya so a sani. Ba ya iya kwana a ɗaki, sai a tsakiyar garke. In taya ta fashe a kan titi, kafin ya ankara yana kwance a ƙasa. Bilki ce kaɗai ta san iyakar abin, ita kuwa ko 'yan'uwanta ba ta gaya wa ba.

Garken dai ya murmure a hannunsa. Da Baffa ya rasu a daminar 2001, shanun sun kusa komawa yadda suke kafin bushiya.

Rabon gado tun can a hannun alƙalai yake, amma a shekarun nan da aka ƙaddamar da shari'a mutane sun ƙara son a yi komai a gaban alƙali, a rubuta. Bayan sadakar arba'in Tasi'u ya zo ruga da yamma, ya zauna a bakin tabarmar wansa, ya daɗe yana zagaye. Yana kiransa Hamma, kamar yadda ƙane ke kiran wa a gidansu. Daga ƙarshe ya fito fili. Ya ce ya tambayi malamai, sun ce wanda ke da lalura irin tasa ba a damƙa masa dukiya, sai a naɗa mai riƙe masa. Shi zai riƙe. Zai sayar da nasa da na Hamma a sayi bas, ta riƙa zirga-zirga tsakanin Dutse da Kano, abin da ta kawo a ci, a sa yara makaranta.

"Wace lalura?" in ji Lado.

"Hamma, ba ni na rubuta ba."

"Wa ke fita da su kiwo tun da ka tafi awon sukari?"

Tasi'u ya ce kiwo dabam, mallaka dabam. Lokacin Baffa na da rai, akwai mai sa ido. Yanzu in abin ya motsa wata rana ya kora su daji, ko ya ba wani kyauta, wa za a kama? Ba mugunta ce ke cin Tasi'u ba. Ya yarda da takardar, ya kuma yarda da bas.

A kotu alƙali ya saurari kowa. Dattijo ne mai farin gemu, ba ya gaggawa. Magatakarda ya karanta takardar sallama ya fassara. Alƙali ya dubi Lado, ya yi masa tambayoyi a kan salla da watanni da iyakar gonar Baffa, ya amsa duka. Lado ya roƙi izini ya faɗi yadda aka yi a asibitin soja, ya faɗa a taƙaice, kansa a ƙasa. Wasu a cikin kotu suka yi murmushi, gama duk wanda ke wurin ya san al'adar. Alƙali bai yi murmushi ba. Ya ce shi a idonsa bai ga mahaukaci ba, amma shi ba likita ba ne, kuma bai ga yadda mutumin yake shekara bakwai da suka wuce ba. Mai yiwuwa kunyar gaskiya ce, ciwon ma gaskiya ne.

"Abin da likita ya ɗaure, likita ke kwance shi," in ji alƙali. "Kawo mini bakin wani likitan. Na ba ka zuwa bayan Babbar Salla. Kafin nan kada a raba, kada a sayar ko da maraƙi."

Ya ƙara da cewa in wa'adi ya cika babu komai, zai bi takardar da ke gabansa ya naɗa Tasi'u.

Lado ya tafi ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji, wani ɗaki mai benci biyu a bayan tasha. A nan ya tarar da Idirisu na Ringim, wanda ya yi ritaya da muƙamin saje, ya yi tumbi, yana riƙe da kujerar sakataren ƙungiyar. Da ya ji labari ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce da ya san haka za a yi, da ya nemi a rubuta shi a fayil a matsayin bakin Lado, duk inda aka tura shi a tura su tare. Ya ce Fulani dai sai Allah, a harbe ku kuna tsaye, a tambaye ku sunan mata ku faɗi sumammu. Lado ya ce Haɓe ma ai da kunyarsu, sun dai sayar da ita ne a kasuwar Ringim.

Saje Idirisu ya buga takardar koke zuwa hedikwatar soja, yana neman hukumar likitoci ta sake zama a kan maganar, ya sa kansa a matsayin shaida. Amma ya gaya wa Lado gaskiya. Ya ce ya aika irin wannan da dama, bai taɓa ganin amsa ta zo kafin mai ita ya gaji ba. In shanun yake so, kada ya zauna jiran soja. Ya tafi Kano, asibitin gwamnati inda ake duba masu ciwon ƙwaƙwalwa, ya nemi babban likita. Kuma ya tafi da mai ɗakinsa, don lalle za a nemi wanda ke zaune da shi.

Wannan shawara ta yi wa Lado ɗaci. Shekara bakwai yana guje wa ƙofar irin wannan asibiti, yanzu zai shiga da ƙafarsa, ya zauna a benci ɗaya da waɗanda aka kawo a ɗaure. Duk wanda ya gan shi a can zai kai labari gida cewa abin ya tashi. Ya yi mako biyu yana juya maganar. Bilki ce ta yanke. Ta ce mutane sun riga sun faɗi abin da za su faɗa, saura shanu, su kuwa ba su riga sun tafi ba.

Likitan na Kano mutum ne siriri mai tabarau, ya yi furfura a gefe. Ya karanta takardar sallama, ya ajiye, ya ce Lado ya ba shi labari tun daga farko. Lado ya bayar, ya tsallake Laberiya da jimla biyu, ya tsaya sosai a kan tambayoyin manjo. Likita ya saurara. Da ya gama, sai ya ce, to, yanzu mene ne sunan yaron?

Lado ya dubi ƙasa. Ya san abin da ke kan wannan tambaya, ya kuma zo tun daga Dutse da niyyar in an yi ta zai rufe ido ya faɗa. Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Likita ya juya wurin Bilki ya ce ko Hajiya za ta taimaka. Bilki ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango.

Likita ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ni ɗan fari ne. Tsohuwata 'yar Taura ce. Na haura hamsin ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana, sai ta ce wa ƙanena ya kira wancan."

Lado ya ji kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya ɗauka an gama, har ya soma gyara hula. Amma likita ya mayar da tabarau ya ce wannan ya wuce, yanzu a zo ga barci. Lado ya ce lafiya lau yake barci. Mafarki fa? Babu. Firgita? Babu. Likita ya tambayi Bilki ko haka ne.

Ba ta juyo duka ba. Ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa, tana duban bangon. Ta ce Malam bai kwana a ɗaki ba tun da ya dawo. Ta ce yakan farka da ihu yana kiran sunayen mutanen da ba ta sani ba. Ta ce ran da aka buga bindigar Salla a gari, ta same shi a bayan rumbu yana rawar jiki, ta zauna ta tsare ƙofa don kada yara su gani. Ta ce bai taɓa dukan kowa a gida ba, bai taɓa ɓatar da ko akuya ba, amma a ce lafiya lau, ba lafiya lau ba ne.

Suka shiga motar komawa, suka wuce Wudil. Sa'an nan Lado ya ce, ba tare da ya dube ta ba, ya kawo ta ta taya shi ne ko ta taya Tasi'u. Ta ce ita an tambaye ta ne, kuma ta gaji da tsaron ƙofa ita kaɗai.

Likita bai ba da takarda ran nan ba. Ya sa Lado ya yi ta komawa, ya ba shi magani mara nauyi, ya kuma sa shi faɗin abin da ya faru a ramin nan, kaɗan-kaɗan, har ya faɗi sunayen mutum biyun. Kowace tafiya sai ya bar shanu a hannun maƙwabci. Azumi ya wuce, watan Salla ya wuce, aka shiga na bawa, wanda Babbar Salla ke biye da shi. Tasi'u ya riga ya je ya ga bas ɗin da yake so.

Ana saura kwanaki Babbar Salla likita ya rubuta rahotonsa, ya karanta wa Lado da Hausa kafin ya rufe. Ya ce bai sami alamar ciwon da aka rubuta a takardar soja ba, ba yanzu ba, kuma bisa ga abin da ya ji, yana shakkar an taɓa samunsa. Shirun da aka ɗauka ciwo, al'ada ce sananniya. Mutumin yana da cikakken hankali, yana iya riƙe dukiyarsa da iyalinsa. Sai jimla ta ƙarshe: yana fama da firgici da rashin barci da yaƙi ya bar masa, yana karɓar magani, ya kamata ya ci gaba.

Lado ya roƙe shi ya cire wannan ta ƙarshen. Ya ce ƙanensa a kanta zai tsaya.

"Wancan likita ya rubuta abin da babu," in ji likita. "Kai kuma kana so in share abin da ke akwai. In na yi haka, tawa ma ta zama irin tasa."

Yadda Lado ya faɗa, haka aka yi. Da magatakarda ya kai jimlar ƙarshe a kotu, Tasi'u ya miƙe ya ce Allah ya gafarta Malam, ai ga shi likitan da kansa ya ce akwai ciwo, har da magani. Lado yana zaune hannuwansa a kan gwiwa. Bai taɓa jin an faɗi firgicinsa a bainar jama'a ba, ga mutanen ruga cike da benci. Alƙali ya juyo ya tambaye shi ko abin da aka karanta gaskiya ne. Da zai iya cewa likita ya ƙara gishiri. Ya ce gaskiya ne, duka.

Alƙali ya sa aka sake karanta rahoton tun daga sama. Sa'an nan ya ce shari'a ba ta hana mara lafiya dukiyarsa ba, in ba haka ba da rabin masu shanun ƙasar nan an karɓe musu, har da shi mai magana da ke shan maganin hawan jini. Wanda ake karɓe wa shi ne wanda ba ya gane amfani da asara. Ya tambayi Tasi'u ko yana da shaidar da ta ga wansa ya yi wauta da dukiya ko sau ɗaya cikin shekarun nan. Tasi'u ya waiwaya ya dubi benci. Ba wanda ya motsa. Alƙali ya ce a raba, a ba kowa nasa a hannunsa.

An yi rabon a ruga, da wakilin kotu da dillalai biyu. 'Yan'uwansu mata suka bar nasu a garke kamar yadda aka saba. Tasi'u ya kora nasa zuwa kasuwa, Lado ya tsaya a bakin burtali yana kallo har suka sha kwana. A cikinsu akwai waɗanda shi ya karɓi haihuwarsu.

Soja ba ta amsa koken Saje Idirisu ba har yau, takardar sallama kuma tana nan da doguwar kalmarta. A majalisa wasu sun daina rage murya, wasu ba su daina ba. Lado ya ci gaba da zuwa Kano karɓar magani, ba ya ɓoyewa. Da damina ta kama, ya soma kwana a ɗaki in ana ruwa.

Bayan rabon da mako guda, da hantsi, Tasi'u ya dawo ruga yana jan karsana biyu a igiya, rigarsa duk ƙaiƙayi. Ya gaishe da wansa, ya tsuguna. Ya ce waɗannan biyun suna da ciki, dillalai sun yi musu tayin wulaƙanci, kuma kuɗin bas ya cika ba da su ba. A Dutse ba shi da inda zai ɗaure su. Ko Hamma zai riƙe masa?

Lado ya zagaya karsanan, ya duba ƙafar ɗaya inda igiya ta goge ta.

"Mahaukaci za ka ba wa riƙo?"

"Haba Hamma. Ai alƙali ya ce ka warke."

"Bai ce na warke ba. Ba ka saurara ba ne."

Tasi'u ya soma wasa da bakin igiya. Lado ya miƙa hannu ya karɓa, ya kwance ƙullin da aka yi a wuyan ta farko, wanda ya matse ta, ya sake ɗaurawa yadda ya kamata. Ya ce in sun haihu, nonon na gidan ne, 'yan maruƙan na Tasi'u. Sa'an nan ya ce ya shiga ciki a ba shi fura kafin ya koma, shi kuma ya kora karsanan zuwa cikin garke.